Oregano ɗina yana mutuwa, don Allah masu lambu ku leƙo

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu shuke-shuke a gida ku zo ku cece ni. Wannan oregano da kuke gani a hoto tun watan Mayu na saye shi wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, tukunya biyu, ya yi kyau har na fara tsinka ina sawa a miyar piza da kazar shawarma da nake yi wa mutane, to tunda Agusta ta kama sai ganyen ƙasa na ɗayan suka fara yin rawaya suna zubewa, jiya na taɓa gindinsa na ji ya yi baƙi ya yi laushi kamar an dafa. Kuma wallahi ban taɓa fashin ba shi ruwa ba safe da yamma, har kashin kaji na zuba mishi sati biyu da suka wuce. Ina Unguwar Rimi a Kaduna. Me nake yi ba daidai ba?

Sadik Kawo: Wa alaikumus salam. Ruwa safe da yamma a cikin markar Agusta? Anti shinkafa kika shuka ne ko kifi kike kiwo 😂

Maman Ilham: Sadik ka bari don Allah, ni abin ya dame ni.

Baba na Rigachikun: 'Yata in ganye ya yi rawaya yunwa ce. Ki samu takin zamani ɗan kaɗan ki barbaɗa nesa da gindin ki ba shi kwana huɗu ki gani. Shekara ta arba'in ina noma ban ga shukar da ta ƙi taki ba.

Hajiya Barnawa: Baba a gafarce ni, wannan karon kam zan saɓa maka. Maman Ilham kar ki ƙara mishi ko ƙwayar taki, kuma daga yau ki ajiye butar ban ruwan nan. Amma kafin mu je can, ki sake duba hoton da kika turo da kyau. Tukunyar hagu da ta dama ai ba abu ɗaya ba ne. Na dama mai faffaɗan ganye mai kauri, wanda in kin karya ruwa ke fita, gefensa kamar an yanka da almakashi mai haƙora, shi ne yake ta murna ko? Na hagu mai ƙananan ganye kamar farcen ɗan yatsa da siririn kara shi ne yake mutuwa. Haka ne?

Maman Ilham: Ƙwarai haka ne Hajiya. Mai sayarwar ce min ya yi wai mace da namiji ne, in saya duka biyu don su yi iri.

Sadik Kawo: Ya ɗaura musu aure kenan kafin ki tafi da su

Hajiya Barnawa: Allah ya shirya masu fulawar nan. Babu wani mace da namiji. Na hagun shi ne oregano na gaskiya. Na daman wani tsiro ne daban, wasu na ce mishi oregano na Kuba, ƙamshinsu ya yi kama sosai shi ya sa ake ruɗewa, kuma shi ya fi yawa a gidajen mutane a nan don ba ya mutuwa da sauƙi, ko reshe kika jefar a bayan kicin sai ya kama. Ba wai ba a cinsa ba ne, ana ci, ni ina sa shi a farfesun kayan ciki, amma ba ya bushewa da kyau saboda ruwan da ke jikinsa, sai ya yi baƙi ya yi funfuna. Wanda kike bukata don piza shi ne wannan da kike kashewa da alheri.

Ɗan Samaru: Hajiya ta gama magana. Na hagun sunansa a kimiyyance Origanum vulgare, na daman kuma Plectranthus amboinicus. Dangi ɗaya suke da na'a-na'a da daddoya da tayim ɗin da muke haɗawa da kori, in ka murza karan kowannensu a tsakanin yatsu za ka ji yana da kusurwa huɗu ba zagaye ba. Shi oregano asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, Girka da Turkiyya da Italiya, kuma a gangaren duwatsu yake fitowa inda ƙasar tsakuwa ce ruwa ba ya zama. Sunan ma daga harshen Girka ne, kalmar farko a ciki ma'anarta dutse. Can damina da sanyi suke zuwa tare, lokacin zafi kuma a bushe yake ƙayau. Mu kuma nan Kaduna muna samun ruwa wajen milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa a tsakanin Yuli da Satumba, ga zafi ga danshi lokaci ɗaya. Saiwa tana numfashi kamar yadda muke yi, in ƙasa ta cika da ruwa kwana da kwanaki iska ta ƙare sai ta shaƙe, daga nan cutar ruɓewa ta samu ƙofa. Rawayan da kika gani ba yunwa ba ce, saiwar ce ta daina aiki.

Baba na Rigachikun: To ni ban san shi ba, na ɗauka irin su alayyafo ne. Amma maganar ruɓewa gaskiya ce, ai mun ga abin da ya samu masu citta a Kachia da Kagarko da Jaba a 2023, gona guda ka tona ka samu ta narke a ƙasa. Wanda bai ga wannan ba bai san asara ba.

Ɗan Samaru: Haka ne Baba, waccan annoba ce ta musamman da ta kama citta, amma yanayin da irin waɗannan cututtuka ke so ɗaya ne, jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗumi.

Maman Ilham: Innalillahi. To yanzu ya mutu kenan? In zubar?

Hajiya Barnawa: Kar ki zubar tukuna ƙanwata. Gindin kam ki cire rai da shi, abin da ya yi baƙi ba ya dawowa. Amma a hoton ina hango rassa uku ko huɗu a sama da har yanzu kore ne shar. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki samu sabuwar reza ki yanko su tsawon ɗan yatsanki na tsakiya, kamar santimita 8 zuwa 10, ki yanka daidai ƙasan gaɓa inda ganye ke fitowa don nan ne saiwa ke tsirowa. Ki tsige ganyen rabin ƙasa ki bar na sama. Ki duba inda kika yanka, in kin ga ciki ya yi ruwan ƙasa-ƙasa to cutar ta hau har nan, ki ƙara yankewa sama sai kin samu wuri fari tas. Biyu ki sa a kofin gilas da ruwa kaɗan kina canja ruwan bayan kwana biyu, sauran ki soka a yashi mai ɗan danshi cikin robar yogot da kika huda gindinta. Ki ajiye su inda akwai haske amma rana ba ta dukansu kai tsaye, bakin taga ya isa. Sati biyu zuwa uku za ki ga fararen saiwoyi in Allah ya so. Tsohuwar ƙasar kuma ki zubar da ita nesa, kar ki ce za ki yi tattali ki sake amfani da ita, tukunyar ki wanke ki shanya a rana.

Ni haka na yi asarar nawa na farko. Wata ƙawata ce ta taho min da shi daga Jos, can da yake tudu ne akwai sanyi komai irin wannan yana yi musu kyau, na kawo shi Barnawa na dasa a ƙasa kusa da inda ruwan kwano ke zuba wai don kar ya sha wahala. Kwana tara aka yi ana marka, ranar da rana ta fito na je na ja shi sai ya biyo hannuna kamar gashin da aka jiƙa, wari kuwa kamar kwata. Har ƙwalla na yi, maigida yana min dariya wai ciyawa nake wa makoki.

Ummu Kalil: Hajiya wace irin ƙasa kike haɗawa yanzu? Ni ma ina so in fara, mu nan Malali jar ƙasa ce mai danƙo in ta jiƙe.

Hajiya Barnawa: Ni dai abin da ya karɓe ni shi ne kwano biyu na ƙasa, kwano biyu na yashin kogi mai ɗan tsakuwa irin na masu gini ba mai laushin nan ba, sai kwano ɗaya na tsohon kashin awaki wanda ya shekara ya zama gari ba ya wari. Ina ƙara gutsattsarin gawayi da ke taruwa a gindin buhu. Gwajin da nake yi kuwa, in na zuba ruwa a sama ina so in ga ya fito ta ƙasa kafin in ƙirga ashirin, in ya tsaya ya yi tafki to yashi bai isa ba. Tukunyar ƙasa ta fi roba nesa ba kusa ba don tana shan ruwa ta jikinta, ki sa mai tukwane ya huda miki ko ki huda da ƙusa a hankali, sai ki ɗora ta a kan bulo biyu don ramin kar ya toshe. Kuma ban da farantin nan da ake sawa a ƙarƙashi, gidan sauro ne kawai da ajalin shuka.

Da damina ina jawo su ƙarƙashin baranda ta gabas, su sha ranar safe ruwan sama kuma bai same su ba sai feshi. Yana son rana sosai fa, awa shida ko fiye, in kika ɓoye shi a inuwa zai yi tsawo siriri ganyen ba ƙamshi. Ban ruwa kuma yatsa ne ma'aunina, in na soka har gaɓa ta biyu na ji a bushe sai in ba shi ya ƙoshi, in da sanyi-sanyi in wuce abina.

Sadik Kawo: Ni fa tambayata ɗaya ce, duk wannan wahalar ta mece ce? Ga daddoya nan ko a bola tana fita, ga na'a-na'a, ga tayim na leda ko'ina. Sai mun ɗauko ciyawar Turawa mun yi mata baranda da yashin kogi kamar amarya?

Maman Ilham: Sadik ka taɓa sayen ƙaramar kwalbar oregano ɗin nan a manyan shaguna? Je ka tambayi kuɗinta ka dawo mu yi magana. Kuma daddoya a piza ai sai ta koma farfesu.

Ummu Kalil: Kuma ba ciyawar Turawa kaɗai ba ce. Duk wanda ya je Saudiyya ya ci burodin nan mai za'atar ai ɗan uwansa ya ci. Mutanen Sham, su Lebanon da Siriya da Falasɗinu da Jodan, suna da nasu irin, su busar su daka su haɗa da riɗi da gishiri da wani jan gari mai tsami da ake kira sumak, a dangwala da man zaitun. Ni dalilina kenan ma na son shukawa, riɗi dai ga shi nan a ƙasarmu kamar ƙasa.

Ɗan Samaru: Na Sham ɗin shi ne Origanum syriacum. Kuma Turkiyya tana cikin manyan masu fitar da busasshen oregano a duniya, mafi yawa a yankin Denizli ake noma shi. Amurka ma ba su damu da shi ba sai bayan yaƙin duniya na biyu da sojojinsu suka dawo daga Italiya da kwaɗayin piza. Sadik ga wani dalilin da zai sa mutum ya shuka nasa, a 2015 masu bincike a wata jami'a a Belfast sun gwada busasshen oregano da ake sayarwa a shaguna da intanet a Birtaniya da Ayalan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun samu an cakuɗa shi da wasu ganyaye irin su ganyen zaitun. In can an yi haka to ka ƙiyasta wanda ya zagayo duniya aka sake ɗura shi a leda ba suna.

Sadik Kawo: Ashe algus ba a kasuwarmu aka fara shi ba, to Alhamdulillah

Abban Mufida: Ni matsalata daban ce jama'a. Na sayi iri a fakiti ta intanet na shuka, na farko bai fito ba sam, na biyu ya fito ya girma ya yi kyau amma in ka tauna ganyen kamar ka tauna ciyawar masallacin idi, ba yaji ba komai. Alhali wanda na taɓa ci a gidan wani abokina har harshena sai da ya yi zugi.

Ɗan Samaru: Na farkon ina zargin binne shi ka yi. Irin oregano ƙanana ne ƙwarai kamar ƙura, kuma suna bukatar haske kafin su tsiro, barbaɗawa ake a saman ƙasa a danna da tafin hannu a yayyafa ruwa, cikin sati ɗaya zuwa biyu su fito. In ka rufe su kamar masara shi kenan. Na biyun kuma ba laifinka ba ne gaba ɗaya. Oregano iri-iri ne, gama-garin wanda furensa ke yin ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi sau da yawa lami ne. Mai yajin shi ne na Girka, furensa fari, ganyensa da ɗan gashi-gashi. Yajin da ka ji wani mai ne a jikin ganyen, sinadaran da ke cikinsa ana kiransu karbakurol da tayimol, na farkon shi ke sa zugi a harshe. Wanda aka shuka daga iri kowanne da yadda yake fitowa, wani ya yi ƙarfi wani ya yi sanyi, amma reshe kwafin uwarsa ne sak. Don haka ka koma gidan abokin nan naka ka roƙi reshe.

Hajiya Barnawa: Shi ya sa ni ba na sayen shukar ƙamshi sai na tsinki ganye na tauna a gaban mai sayarwa, ya ji haushi ya ji. In bai ɗan ƙona min harshe ba na bar mishi kayansa. Sannan Malam ko mai yajin ne ka samu, in ka cika mishi taki da ruwa zai yi ganye manya-manya masu kyan gani ɗanɗanon kuma ya tsinke. Na gwada da idona, uwa ɗaya na raba biyu, ɗaya na shagwaɓa ɗaya na bar shi da ɗan ƙishi a rana, wanda ya sha wuya ganyensa ƙanana amma guda uku sun isa tukunyar miya.

Baba na Rigachikun: Wannan kam na yarda, barkonon tudu ma ya fi na fadama yaji.

Abu Ammar: Jama'a ku riƙe wannan ganye da kyau domin magani ne babba. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana maganin sanyi na mata, taifot, olsa, har ciwon suga. Man sa ɗigo uku a ruwa kullum ba kai ba asibiti.

Sista Tudun Wada: Malam Abu Ammar don girman Allah a daina irin wannan a guruf mai mutum ɗari da wani abu. Gaskiya ne an gwada man a ɗakin bincike an ga yana kashe wasu ƙwayoyin cuta a cikin faranti, amma faranti daban cikin mutum daban. Taifot tana huda hanji in aka yi wasa da ita, mun sha ganin waɗanda aka kawo a makare bayan an gama jiƙe-jiƙe a gida. Kuma man oregano tsantsarsa yana ƙona fata da baki, mai olsa ka ce ya sha? Mai ciki ma an hana ta shan sa da yawa a matsayin magani. A sa a girki, a yi shayi da ɗan ganye in ana mura, wannan ba wanda ya hana.

Abu Ammar: Ku dai 'yan asibiti komai ba ku yarda da shi ba sai na Bature.

Sista Tudun Wada: Ai shi ma wannan daga ƙasar Baturen ya zo Malam 😄

Adimin: A dawo kan maganar shuka don Allah. Wanda ke da tallan magani ya san ƙa'ida.

Ummu Kalil: Yawwa. Hajiya maganar girbi fa, yaushe ake fara yanka? Na ji ana cewa sai ya kusa fure.

Hajiya Barnawa: Haka suke cewa, wai daf da fure ne man ya fi yawa a ganye. Amma in za ki jira fure a Kaduna za ki daɗe, nawa shekara uku sau ɗaya na ga ya yi wani ɗan fure tsilli-tsilli. Ni da ya kai tsawon tafin hannu nake fara tsinke kan kowane reshe, inda kika tsinke biyu ne za su fito, haka zai yi ta cika ya zama dunƙule maimakon ya miƙe kamar bulala. Babban yanka kuwa sai ya kai kamar taƙi ɗaya ko fiye. Da safe nake yi bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi, da almakashi, kuma ba na ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Abin da za ki kiyaye shi ne kar ki yanka har cikin tsohon karan da ya zama itace ba ganye, ki bar gaɓa biyu ko uku masu ganye a ƙasa don daga nan zai toho. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ya sake cika.

Ɗan Samaru: Rashin furen yana da dalili. Yana cikin tsiran da ke son doguwar rana kafin su yi fure, can ƙasarsu da zafi rana tana kai awa 14 zuwa 15, mu nan kuwa ko a watan Yuni ba ta cika awa 13 ba. Ga mai son ganye ma wannan riba ce.

Maman Ilham: Shanyar fa? Ni da na yanka a watan Yuli a tire na baza na kai saman mota a rana don ya bushe da wuri, ya bushe kam amma ya koma ruwan toka ƙamshin ya gudu.

Baba na Rigachikun: To in ba a rana ba a ina ake shanya 'yata? Kuka da kuɓewa da barkono duk ba a rana muke busarwa ba?

Hajiya Barnawa: Baba ai ko kuka, wadda aka busar a inuwa ta fi kore ta fi daraja a kasuwa, ka tambayi su Inna. Shi wannan abin da muke nema a jikinsa mai ne mai tashi, zafin rana yana kwashe shi, ƙamshin da kike ji ya cika tsakar gida lokacin shanya to shi ne yake tafiya ba dawowa. Ni ƙananan dami nake ɗaurewa da zare, kaurin babban yatsa, in rataye su kai ƙasa a sito inda iska ke wucewa. Ko in baza a faifai ba a tire na ƙarfe ba, in rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙura. Da hunturu ba ya cika sati ya bushe, iskar nan da ke fasa mana leɓe ita ce gatan mai shanya. Da damina kuwa ban ma cika busarwa ba, ɗanye nake amfani da shi, in ya yi yawa in yanka in zuba a ɗan mai in sa a firiza, in wuta ta yarda. Alamar ya bushe shi ne ki murza ya yi ƙaras ya farfashe, karan ya karye ɓas ba ya lanƙwashe ba. Sai ki zage ganyen daga kara ki zuba a kwalbar gilas mai murfi ki sa a kabad mai duhu nesa da murhu. Kar ki daka shi gari, ki bar shi ganye-ganye sai za ki zuba a tukunya ki murje a tafin hannu. Kuma ki sani busasshe ya fi ɗanye ƙarfi, inda za ki sa cokali uku na ɗanye to ɗaya ya isa, in ya yi yawa ɗaci yake.

Abban Mufida: Ƙwari ba sa damunsa?

Hajiya Barnawa: Ba sosai ba. Da hunturu in ƙura ta lulluɓe shi wasu 'yan mitsi-mitsi suna yin yana a bayan ganye ganyen ya yi ɗigo-ɗigo, wanka nake mishi da safe kawai. Ba na fesa maganin ƙwari a abin da zan ci ɗanye. Babban ƙwaron dai a gidana kaji ne, su ba cin ganyen suke ba, tona tukunyar suke su kwanta a ciki. Sai Maris da Afrilu in zafi ya tsananta ina matsar da shi inda zai samu inuwar la'asar, ruwa kuma kullum da safe don tukunyar ƙasa ba ta riƙewa lokacin.

Ummu Kalil: Kenan yanzu ba lokacin farawa ba ne.

Hajiya Barnawa: Ki bari sai ƙarshen Satumba ko Oktoba ruwa ya ja baya, ya samu sanyin hunturu ya kafu. In ya shekara uku ko huɗu zai tsufa tsakiyar ta zama itace, sai ki tuge ki raba gindin ko ki ɗauki sabbin rassa.

Maman Ilham: Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan kusan wata uku. Cikin rassa huɗu da na yanka na ruwa guda biyun ɗaya ya ruɓe ɗaya ya yi saiwa, na yashi duka biyun sun kama. Ranar da na ga farin zaren nan a gindin kofi har ihu na yi Ilham ta ɗauka kunama ce. Yanzu ga su nan a hoto tukunya uku a baranda, jiya na yi yankan farko ɗan dami biyu suna rataye a sito. Hajiya Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a. Matsala ɗaya, yarinyar da ke taya ni aiki tausayinsu take ji, na kama ta sau biyu tana ba su ruwan wanke shinkafa a ɓoye wai sun yi ƙishi.

Hajiya Barnawa: Masha Allah, sun yi kyau. Ta tsakiyar ki tsinke mata kai ta fara miƙewa da yawa. Yarinya kuma ki ba ta na Kuban ya zama nata, ta yi ta shayar da shi son ranta.

Baba na Rigachikun: 'Yata a ajiye min reshe ɗaya in gwada a gindin rijiya.

Hajiya Barnawa: Baba ban da gindin rijiya!

Sadik Kawo: Anti ni ma in akwai ragowa, ba don ni ba, madam ce ta ga hoton

Maman Ilham: Sadik sai ka fara kawo min buhun yashi daga bakin kogi tukuna. Baba naka yana nan, ranar Talata in na shigo kasuwar Kawo zan taho da shi.